Yadda Babbar Mota ta Fara Shiga Daji Ɗaukar Gumagumai

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne, ina ɗauko katako daga kudu zuwa kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano. Kwanan nan na ga wani tsohon hoto na ƙasar Amurka: wata mota marar ƙofa, mai siraran tayoyi, an ɗora mata gungume guda ɗaya wanda kaurinsa ya kusa tsayin mutumin da ke tsaye a gefensa, kuma hanyar da take bi da katako aka shimfiɗa ta. Don Allah yaushe aka fara ɗaukar gumagumai a mota, da me ake fito da su daga daji kafin nan, kuma ta yaya mota mai ƙaramin inji haka take jan wannan nauyi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam direba, Allah ya tsare hanya. Kana son sanin lokacin da mota ta fara wannan aiki, da abin da ta tarar ana amfani da shi, da kuma sirrin yadda ƙaramin inji ya iya da babban kaya. Hoton da ka kwatanta, bisa dukkan alamu, daga arewa maso yammacin Amurka ya fito, wato jihohin Washington da Oregon, ko kuma lardin British Columbia na Kanada da ke maƙwabtaka da su, domin a can ne aka haɗa itatuwa masu wannan girma da hanyoyin da aka shimfiɗa da katako. Ni aikina ya fi karkata ga auna hanyoyin daji da tsara su, saboda haka ta wannan fuskar zan fi duba tambayarka. Kuma tun daga farko zan gaya maka cewa injin da ya ba ka mamaki shi ne mafi sauƙin matsalolin da mutanen wancan zamani suka fuskanta. Abubuwan da suka sha kansu su ne ƙasar da taya za ta taka, da ita kanta tayar, da kuma birkin da zai tsayar da kaya a gangara.

Kafin zuwan mota

Sai an fara sanin nauyin kayan kafin a fahimci komai. Itacen da aka fi sara a wancan yanki shi ne wanda ake kira Douglas fir, kuma ɗanyensa yakan kai kilo 600 ko fiye a kowace mita ɗaya mai tsawo da faɗi da kauri. Gungumen da faɗin bakinsa ya kai mita ɗaya da rabi, tsawonsa kuma mita goma, zai haura tan 10 shi kaɗai. Ga shi kuma ƙasar tasu ta duwatsu ce da kwazazzabai, ruwan sama yana zuba a mafi yawan watannin shekara, ƙasar dajin kuwa taushi gare ta saboda ruɓaɓɓen ganye na ɗaruruwan shekaru.

Da farko shanu ne suke jan gumaguman a ƙasa. Ana share hanya, a binne gajerun itatuwa a gicciye rabi a ƙasa rabi a waje, tazarar 'yan takawa tsakanin kowane biyu, sannan a ɗaure bijimai goma ko fiye su riƙa jan gumaguman a kansu. Akwai yaron da aikinsa kawai shi ne ya riƙa tafiya a gaba da bokitin man kifi ko kitse yana shafa wa waɗannan itatuwa domin kayan ya sulale. Wannan dabara ba ta nisa, shi ya sa aka fara cinye dajin da ke bakin teku da bakin koguna, inda da zarar an tura gungume cikin ruwa, ruwan ne zai ƙarasa aikin. A jihohin gabas masu tsananin sanyi irin su Maine da Michigan da Wisconsin, lokacin hunturu ake jira, a riƙa yayyafa wa hanya ruwa da dare har ta daskare ta zama ƙanƙara, dawakai su ja kayan a kan abin sulu marar taya zuwa bakin kogi, a jibge su har ƙanƙara ta narke, ambaliya ta kwashe su zuwa gidan tsaga katako.

Sai tururi ya shigo. A farkon shekarun 1880 wani mai sana'ar katako a Eureka ta California, John Dolbeer, ya ƙera injin tururi mai naɗe igiya wanda yake jawo gungume daga inda aka kayar da shi, kuma a hankali wannan inji ya sallami shanu. A 1881 Ephraim Shay na Michigan ya yi rajistar wani kan jirgin ƙasa mai aiki da giya, wanda ba shi da sauri amma yana hawan tudun da jirgin fasinja ba zai iya ba, yana kuma shan kwana mai tsauri a kan layin da aka shimfiɗa cikin gaggawa. A 1901 kuma Alvin Lombard na Waterville a jihar Maine ya yi rajistar wani injin tururi mai tafiya a kan sarƙa irin ta katafila, mai jan jerin kaya a kan dusar ƙanƙara. Amma a yammacin ƙasar layin dogo ne ya zama sarki, manyan kamfanoni suka ci karensu babu babbaka da shi har tsawon shekaru arba'in ko fiye.

Layin dogo yana da sharaɗi guda mai nauyi. Kuɗin shimfiɗa shi, da sare duwatsu, da gina dogayen gadoji na katako a kan kwazazzabai, yana da yawan da sai an sami daji mai faɗi a dunƙule, wanda za a shekara da shekaru ana sara, kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Duk wani ɗan yankin daji da ya rage a bayan gonar wani manomi, ko a saman tsauni, ko a lungun da layi bai bi ba, sai a bar shi a tsaye, domin ba wanda zai kashe kuɗin kilomita goma na dogo saboda itacen da za a gama sarewa cikin wata uku. Ta wannan ƙofa mota ta shigo.

Daga 1913 zuwa ƙarshen yaƙin duniya na farko

Abin da aka rubuta shi ne an fara amfani da babbar mota wajen jigilar gumagumai a wancan yanki a bazarar 1913, kusa da Covington a jihar Washington. Wannan ya zo a cikin wani ɗan littafin bincike da Frederick Knapp ya rubuta, wanda Jami'ar Washington ta buga a 1921, kuma shi ne madogarar da aka fi komawa gare ta. Ya kamata a riƙe wannan shekara a matsayin ta farko da alƙalami ya kama, domin ƙananan masu sana'a ba su cika ajiye tarihin abin da suka gwada ba. Abin lura shi ne shekara takwas kacal bayan haka har jami'a ta ga dacewar a rubuta wa sana'ar littafin koyarwa, wanda ke nuna saurin da abin ya yaɗu.

Motocin da aka fara da su ba don daji aka ƙera su ba. Motocin gari ne na ɗaukar kwal da bulo da kayan shago, masu ɗaukar tan uku zuwa biyar, aka cire bodinsu aka ɗora wani kakkauran ƙarfe ko katako a gicciye, wanda yake juyawa a kan ƙusa guda a tsakiya. A baya kuma sai a haɗa wata 'yar tirela mai taya biyu, ita ma da irin wannan abin ɗora kaya, a haɗe ta da motar ta hanyar doguwar sanda da ake iya ƙara mata tsawo ko a rage. Kan gungumen yana kan mota, gindinsa yana kan tirela, shi kansa gungumen ya zama kamar ƙashin bayan abin hawan baki ɗaya. A nan ne rabin amsar tambayarka ta uku take: motar ba ta ɗauke da dukkan nauyin, wani kaso mai yawa yana kan tayoyin tirela, ita ja kawai take yi. Kai da kake tuƙa tirela ka fi ni sanin cewa abin da mota za ta ja ya ninka abin da za ta ɗauka a bayanta. Ita ma tirelar zamani da kake ja tana da alaƙa da 'yan katako, domin a 1914 ne wani maƙeri a Detroit, August Fruehauf, ya ƙera wa wani attajirin katako mai suna Frederic Sibley tirelar da za a jona wa ƙaramar Ford don ɗaukar kwalekwalensa, da ya ga ta yi aiki sai ya sa aka ƙera masa wasu don jigilar katako, daga nan kamfanin tirela na Fruehauf ya samo asali.

Sauran rabin amsar giya ce da haƙuri. Ɗauki Mack samfurin AC, wadda ta fito a 1916 kuma ta yi suna a dazuzzuka. Injinta mai silinda huɗu ne, ƙarfinsa bai kai na doki 100 ba, lagiretonta yana bayan inji kusa da direba, kuma maimakon farfela ta juya tayoyin baya kai tsaye, sarƙoƙi biyu ne suke juya su, ɗaya a kowane gefe. Ƙaramin haƙori a gaba, babba a jikin taya, sai gudu ya ragu ƙwarai, ƙarfin ja kuma ya ninku. Irin waɗannan motoci da wuya su wuce kilomita 20 a awa ɗaya da kaya, a wurin hawa kuwa mai tafiya a ƙafa zai iya jerawa da su. Sannan akwai wata gata da yanayin ƙasa ya yi musu: itacen yana saman tudu, ruwa da gidan tsaga katako suna ƙasa, saboda haka mota takan hau ba kaya, ta sauko da kaya. Duk mai tsara hanyar daji, a da da yanzu, burinsa ke nan, ya kauce wa duk wani hawa da zai fuskanci mota mai lodi.

Yaƙin duniya na farko ya tura abin gaba ta hanya biyu. Jiragen saman lokacin da katako ake ƙera su, kuma itacen da ya fi dacewa, Sitka spruce, mai ƙarfi da rashin nauyi, a gaɓar tekun Washington da Oregon yake fitowa, a warwatse cikin sauran itatuwa. A 1917 sojan Amurka ya kafa runduna ta musamman don samar da shi a ƙarƙashin Kanar Brice Disque, mai hedikwata a wannan yanki, wadda ta tara sojoji kusan 30,000. Sun shimfiɗa layukan dogo, sun kuma gina hanyoyin katako suka saka motoci a kai, aka ga da ido cewa mota tana iya bin itace ɗaya ɗaya inda jirgi ba zai je ba. Da aka gama yaƙi a 1918 kuma, sai ga dubban motocin soja, irin su Liberty da FWD da Nash Quad, sun zama rarar kaya ana sayar da su da arha, ga kuma samarin da suka koyi tuƙi da gyara a soja sun dawo gida suna neman abin yi.

Hanyar katako

Tayoyin da ka gani sirara a hoton roba ce zalla, ba iska a ciki, an manna ta a jikin ƙarfe. Irin wannan taya ba ta lotsawa, saboda haka dukkan nauyin yana sauka a kan ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba. A kan kwalta ko dutse babu laifi, amma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar daji yanka take yi, mota ta nutse har ciki tun kafin a yi sawu uku. Tsakuwa tana da tsada da wuyar kawowa, injinan gyaran hanya kuwa ba su riga sun samu ba. Abin da yake a wadace shi ne itace, don haka da shi aka yi hanyar.

Iri biyu aka fi yi. Akwai wadda ake jera katakai a gicciye a kan dogayen itatuwa, ita ce mai cin katako da yawa, kuma tana girgiza mota. Akwai kuma wadda ta fi yaɗuwa, inda ake shimfiɗa layi biyu kawai a tsaye, ɗaya ga tayoyin dama ɗaya ga na hagu, tsakiya a bar ta a buɗe. Ana sassaƙe saman dogayen gumagumai ya yi lebur, ko a yi amfani da kakkauran katako, a ɗora su a kan itatuwan da aka gicciya a ƙasa, a kafe da manyan ƙusoshi, sannan a bi gefe da wani itace da ya ɗan fi tsayi domin ya tare taya kada ta zame ta faɗa. Inda aka iske kwari, sai a ɗaga hanyar a kan ginshiƙai ta zama gada, wani lokaci mai tsayin gaske, direba yana leƙa ƙasa ta tsakanin layukan biyu. In ka duba da kyau za ka ga layin dogo ne aka kwaikwaya, aka sa katako a madadin ƙarfe, domin waɗanda suka gina ta a aikin dogo suka koyi sana'a.

Hanyar mota ɗaya ce, saboda haka ake yin wuraren kaucewa jefi-jefi, kuma kowane direba ya san inda zai tsaya ya jira mai saukowa da kaya. A ƙarshen hanya, inda babu filin juyawa, akan gina wani faifan katako mai juyawa a kan ƙarfe, mota ta hau kai, mutum ɗaya ko biyu su tura shi da hannu har ta fuskanci inda ta fito. Daga baya aka gano dabarar ɗora tirelar a bayan motar in za a koma ba kaya, abin da ya sauƙaƙa juyawa ya kuma ƙara wa tayoyin baya nauyin da za su kama ƙasa a wurin hawa. Har yau haka motocin gumagumai suke komawa daji a can.

Jiƙaƙƙen katako kuwa santsi gare shi, balle in sanyi ya sa raɓa ta daskare a kai. Akan barbaɗa yashi, ko a naɗa wa tayoyin baya sarƙa ko igiyar ƙarfe. Kuma hanyar ba ta daɗewa, ruɓewa take yi cikin 'yan shekaru, amma wannan bai dami masu ita ba tunda kafin nan sun gama da wurin sun tashi.

Birki

A nan gizo yake saƙa. Na ce saukowa da kaya gata ce ga inji, to amma duk abin da inji ya huta, birki ne yake biya. Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Mota da kayanta masu nauyin tan 20, in suka sauko daga tudun da tsayinsa ya kai mita 300, ƙarfin da dole a kashe kafin su iso ƙasa a natse, in aka mayar da shi zafi, ya isa ya tafasa ruwa kimanin lita 175. Wani kaso yana tafiya a gogayyar taya da hanya, wani a cikin inji in an sa ƙaramar giya, amma mafi yawansa a gangar birki yake tarewa. Motocin farko kuwa birkinsu na sanda da waya ne, ƙarfin ƙafar direba da hannunsa kawai, a tayoyin baya kaɗai, tirelar kuma sau da yawa ba ta da birki sam, ko kuma sai an sa wani mutum ya hau ya riƙa ja mata da hannu. Da ganga ta yi zafi sai ta buɗe, takalmin birki ya ƙone ya daina kamawa, direba ya taka ya ji babu komai. Tsofaffin direbobin wancan zamani sun sha ba da labarin yadda suke saukowa gangara a tsaye a kan matakalar mota, hannu ɗaya a sitiyari, a shirye su yi tsalle. Rashin ƙofar da ka lura da shi yana da nasaba da yadda ake ƙera motocin lokacin, amma direbobin daji ba su yi marmarin a sa musu ita ba.

A gangara mai tsanani, inda aka san birki ba zai iya ba, akan kafa injin naɗe igiya a saman tudu, a ɗaura wa motar igiyar ƙarfe ta baya, a riƙa sassauta ta a hankali har ta sauka, sannan a jawo wadda ba ta da kaya da ita. Daga baya aka fito da dabarar tankin ruwa a bayan kan mota, da 'yan bututu masu ɗiga ruwa a kan gangunan birki tun daga farkon gangara har ƙarshenta, ta yadda ake hango mota tana saukowa cikin tururi. Birkin iska, wanda George Westinghouse ya ƙirƙiro wa jirgin ƙasa tun 1869, ya fara shiga manyan motoci a shekarun 1920, kuma da shi ne tirela ta sami birkin da direba zai sarrafa daga mazauninsa. Birkin inji kuwa, wanda yake sa dizal ya riƙe mota da kansa, sai a 1961 ya shiga kasuwa. Clessie Cummins ne ya ƙirƙiro shi, kuma abin da ya sa shi a wannan tunani shi ne yadda birki ya kusa hallaka shi a gangarar Cajon ta California a 1931.

Zan ɗan tsaya a kan maganar ruwa, domin na sha ganin yaran mota suna kwara wa ganga ruwa bayan ta riga ta yi ja. Wannan daban yake da abin da waɗancan suke yi. Su suna hana gangar yin zafi ne tun farko, shi kuwa ƙarfen da ya riga ya yi zafi in aka sheƙa masa ruwan sanyi yana iya tsagewa ko ya karkace. Ƙaramar giya tun kafin a fara gangara ita ce kariya ta farko, sauran bayanin da ya shafi irin motarka kuma bakanikenka ya fi ni iko da shi.

Lodi da saukewa ma ba su da sauƙi. A wurin lodi akan zaɓi wata doguwar bishiya a sare kanta, a ɗaure ta da igiyoyi ta kowane gefe, a rataya ƙugiyoyi masu kama gungume a ɗaga shi da injin tururi a sauke a kan mota. Ba a sa dogayen sanduna a gefe kamar yanzu, wasu 'yan ƙarafa ne ake tokare gungumen ƙasa da su, a ɗaure da sarƙa. A wurin saukewa sai mutum ya je ya kwance sarƙar ya buge tokarin, gumaguman su gangara cikin ruwa, kuma mutane da yawa sun rasa rayukansu a wannan ɗan lokaci.

Abin da ya sa mota ta yi rinjaye

Har zuwa ƙarshen shekarun 1920 mota 'yar rakiya ce, jirgin ƙasa ne yake ɗaukar mafi yawan kaya. Abubuwa uku ne suka haɗu suka juya lamarin, kuma a ganina tayar iska ce ta fi muhimmanci. Kamfanin Goodyear ya fara nuna cewa babbar mota za ta iya doguwar tafiya a kan tayar iska a 1917, tsakanin Akron da Boston, amma an ɗauki shekaru kafin a sami wadda za ta jure nauyin gumagumai. Tayar iska tana lotsawa ta baje, saboda haka matsin da take yi wa ƙasa bai wuce kimanin matsin iskar da ke cikinta ba, in aka jera biyu biyu a kan ƙafa biyu na baya kuma sai nauyin ya ƙara rarrabuwa. Da wannan aka daina buƙatar shimfiɗa katako, hanyar tsakuwa ta wadatar, gudu ya ninku, mota kuma ta daina wargajewa saboda girgiza.

Na biyu katafila ce mai faranti a gaba, wadda ta yaɗu a dazuzzuka a shekarun 1930, ta mayar da aikin da ɗaruruwan masu diga da shebur suke yi na mutum ɗaya. Na uku injin dizal: a 1933 kamfanin Kenworth na Seattle, wanda Harry Kent da Edgar Worthington suka kafa a 1923, ya fara fitar da motoci da injin dizal na Cummins tun daga masana'anta. A 1939 kuma wani ɗan katako daga Tacoma, T. A. Peterman, wanda ya daɗe yana gyara tsofaffin motocin soja don kwaso gumagumansa, ya fara ƙera Peterbilt bayan ya sayi masana'antar Fageol ta Oakland. Manyan sunaye biyu na motocin Amurka ke nan, kuma dukansu 'yan katako suna cikin waɗanda suka raine su.

Yanayi ma ya taimaka. Karyewar tattalin arziki da ta fara a 1929 ta durƙusar da kamfanoni masu bashin layin dogo, ta bar fili ga ƙananan 'yan kwangila masu mota ɗaya ko biyu. Gobarar dajin Tillamook a Oregon a 1933 ta ƙone fiye da hekta 90,000, ta bar itatuwa a tsaye matattu waɗanda dole a kwashe kafin su lalace, aka keta hanyoyin mota cikin tsaunukan don wannan aiki. Bayan yaƙin duniya na biyu, da zarto mai inji ya shiga hannun kowa, aka riƙa tumɓuke layukan dogo ana mayar da gurbinsu hanyar mota. Koguna ma aka daina tura gumagumai a cikinsu, na ƙarshe a kogin Clearwater na Idaho a 1971, a kogin Kennebec na Maine kuma a 1976. Layin dogon katako na ƙarshe a Arewacin Amurka, na Englewood a tsibirin Vancouver, an rufe shi a 2017.

Wannan nasara tana da farashi, kuma ni abin yana damuna. Tsadar layin dogo ita ce ta kare dazuzzukan da ke kan tsaunuka da lunguna ba tare da wata doka ba, da mota ta zo sai wannan kariya ta kau. Hanyoyin da aka keta cikin gaggawa a jikin duwatsu, ba magudanar ruwa ba kwalbati, sun zama manyan masu jawo zaizayar ƙasa da cika koguna da laka, har kifayen da ke hayayyafa a cikinsu suka ragu. Titunan gwamnati ma sun ji jiki. Gwajin da aka yi a Ottawa ta jihar Illinois tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa titi takan ninku kusan sau goma sha shida, wanda shi ne tushen dokokin awon nauyi da kuke haɗuwa da su a hanya.

Katakon da kake ɗaukowa daga kudu ya bi irin wannan tarihi, sai dai a makare. A dazuzzukan Benin da Sapele, a farkon zamanin Turawa, ƙungiyoyin ƙarfafan maza ne suke jan gumaguman dangin maɗaci da igiya a kan itatuwan da aka jera, har zuwa bakin rafi, a jira damina ta kawo ruwa, a ɗaure su jeri-jeri a bi da su ta kogin Ethiope zuwa Sapele, inda daga baya kamfanin African Timber and Plywood na UAC ya kafa babbar masana'antarsa. Itacen da ke kusa da ruwa, wanda kuma yake iya yawo a kansa, shi aka fi sara, masu nauyin da ke nutsewa da na nesa da rafi aka bar su, har sai da katafila da manyan motoci suka yawaita bayan yaƙin duniya na biyu. Na ga maimaicin wannan da idona a dazuzzukan Taraba lokacin da kasuwar madobiya ta buɗe zuwa ƙasar Sin: tsofaffin motoci marasa ƙofa, an cire musu bodi, suna kutsawa ta hanyoyin da ba wanda ya auna, a wurin taɓo kuma a sare rassa a jera a ƙarƙashin taya, ruwan sama na farko ya mayar da sawunsu kwazazzabo. Kafin a sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu, wanda ya fara aiki a 2017, an riga an kwashe manyanta a duk inda mota ta iya kaiwa, waɗanda suka tsira kuwa mafi yawansu a kan duwatsun da hanya ba ta hau ba suke.